Kik Ɗin da Ba a Dukansa

Har gobe, duk wanda ya doshi motata da ƙarfe a hannu sai mun ɓata, ko shi waye. Direbobin tashar Makarfi sun san ni da wannan, har tsokanata suke yi. Wani sai ya ɗauki sifana ya nufi bonet yana ƙunshe dariya, don kawai ya ji na ɗaga murya. Ni kuwa ɗagawa nake yi, ba na jin kunyar kowa. Su wasa suka ɗauki abin, ni kuma na san ranar da ya samo asali.

Motar tawa tsohuwar akori-kura ce. Fara ce a da, yanzu kam sai dai a ce launin hanya. Da ita nake kwasar rake da masara da tumatir daga ƙauyenmu na wajen Gubuchi zuwa Makarfi, wata rana Ikara, wata rana in zaga ta Kudan. Injinta lafiya lau, giya lafiya lau. Abu ɗaya ne ya daɗe da mutuwa a jikinta, shi ne kik, ɗan ƙaramin injin nan da ke juya babban in ka murza makulli. Da ya fara gardama, sai in leƙa ƙasa in ƙwanƙwasa masa ƙarfen kwance taya, ya farka. Haka kowa ke yi a wajenmu, yaro da babba, ba wanda ya taɓa tambayar dalili. Ana nan ana duka har ranar da ya daina jin duka, daga nan muka koma turi.

To ƙauyenmu shimfiɗe yake kamar tabarma, ga rairayi. Tudu ɗaya ne tak a garin, wanda gidan kakanmu ke kai, kuma a lokacin Baffa ne a gidan, ƙanen mahaifinmu. Daga ƙofarsa hanya take gangarowa a hankali har ta faɗa wani ɗan kwari mai yashi, sannan ta miƙe ta fita gari. A ƙofar gidan nan motata take kwana, hancinta na kallon gangara, da dutse a gaban taya. Da safe in an fito masallaci an zauna a majalisar Baffa, sai in zo in gaishe su, in janye dutsen, su tashi su sa hannu. Ina jin ta ɗauki gudu sai in saki kuloci a giya ta biyu, ta yi tari, ta kama.

A hankali abin ya zama doka, ba tare da kowa ya zauna ya kafa ta ba. Duk wanda ya sa hannu ya tura, ya sami wurin zama shi da buhunsa, ba a tambayarsa komai. Har suna suka sa mata, wai motar gayya. Akwai masu turin gaske, akwai masu ɗora yatsa biyu a bodi suna nishi kamar su suka ɗauke ta, kuma su ne ke fara hayewa. Ina gani a madubi, ina yin shiru. In na bar gari kuwa ba na kashe ta sai na dawo. A kasuwa tana nan tana gurnani ana sauke kaya, in salla ta kama ni tana bakin masallaci tana shan mai a banza. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙasƙanci ba. Ina ganin zaman tare ne, har sai da maganar fadama ta taso.

Maganar ta ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Kafin mahaifinmu ya cika, a gabana ya ce yankin fadamar da ke bakin rafi nata ne, ta riƙe 'ya'yanta da shi. Da kunnena na ji, hannunsa na cikin nawa. Da aka share makoki sai Baffa ya ce fadamar ta gida ce, ba a taɓa raba ta ba, kuma mace ba ta iya riƙe fadama. Aka je gaban dagaci, aka tambaye ni, na faɗi abin da na ji. Dagaci bai son ɓata wa Baffa, bai kuma iya tsallake shaida, sai ya raba hanya. Ya ce ta noma fadamar wannan ranin. In ta fitar da amfani har kasuwa, magana ta mutu, tata ce. In kuwa amfanin ya lalace a hannunta, sai ta koma hannun babban gida.

Ta noma. Wallahi ta noma. Ta sa tumatir, ta tsaya kan 'yan ƙodago, ranar da babu su ta ɗaure zane ta shiga kwamin ban ruwa da kanta. Tumatir ya yi kyau har masu wucewa na tsayawa kallo. Ya fara ja ke nan Baffa ya kira ni wata safiya, a gaban majalisa, kafin in kai ga janye dutse.

"Ɗana, zo nan," in ji shi. Na je na durƙusa. "Maganar nan da ka yi a gaban dagaci, ka koma ka ce ba ka ji da kyau ba. Ban ce ka ce ƙarya ka yi ba. Mara lafiya ne, muryarsa ta yi ƙasa, ba ka ji da kyau ba. Shi ke nan."

Na ce, "Baffa, Allah ya ja da ranka, na ji da kyau."

Ya dube ni ya ce, "To ƙofar gidana ba tasha ba ce."

Na waiwaya na dubi mutanen da na yi shekaru ina ɗauka su da buhunansu. Wannan ya sunkuyar da kai yana gyaran takalmi, wancan ya tuna yana da carbi. Ban zarge su sosai ba a yanzu, don rabinsu da injin ban ruwan Baffa suke shayar da gonakinsu, kuma direbobin waje ma ta hannunsa suke samun lodi a yankin. Amma a ranar zuciyata tafasa take yi. Na janye dutsen da kaina, na buɗe ƙofa, na sa kafaɗa a jikin mota ina riƙe da sitiyari da hannu ɗaya. Na yi ta kokawa da ita ni kaɗai, babban mutum mai iyali, ana kallona. Da ta motsa na bi ta da gudu na faɗa ciki, takalmina ɗaya ya zauna a nan. Ta tashi. Na zagaya na kai ta ƙofar gidana, tsakiyar rairayi, inda ko mutum goma ba su iya tayar da ita, na kashe. Na ce in ma ruɓewa za ta yi ta ruɓe a nan, ba ta ƙara kwana a ƙofar wani ba.

Da la'asar ƙanwata ta shigo. Ta ji komai, don a garinmu labari ba ya jiran a kai shi. Na zaci za ta yi kuka ko ta ce in je in ba da haƙuri. Ta zauna a bakin ƙofar ɗaki ta ce, "Yaya, ba zan ce ka yi ba, ba zan ce ka bari ba. Tumatir dai ya nuna, kuma ba ya jiran sulhu."

Na ce, "Ki sa a fara tsinka gobe."

Ta ce, "Da wace motar?"

Na ce, "Ke dai ki sa a tsinka."

Washegari da sassafe na shiga ƙarƙashin mota na kwance mataccen kik ɗin. Notinansa sun ci tsatsa, sai da na jiƙa su da baƙin mai na bar su suka sha. Da ya fito na ga jikinsa duk tabon duka ne, ya lotsa ta ko'ina. Na jefa shi a buhu, na ɗaure ragon da nake kiwo don layya a bayan wani ɗan acaɓa, ni da buhun muka hau wani, sai Ikara. A can na sayar da ragon, kuma ban yi da-na-sani ba.

Akwai wani mai wayarin, mai gyaran wutar mota, a bayan tasha, mutum mai faɗa, ba ya dariya da abokin ciniki. Ya zazzage buhun, ya juya kik ɗin da ƙafa, ya ce, "Direba, wannan mota ce ta taka shi ko ku ne?"

Na ce, "Mu ne."

Ya ce, "Na sani. Duk ku ɗaya ne, ku mutanen ƙauye, abu ya ƙi sai duka."

Na ce, "Mu mutanen ƙauye mu ke kawo abin da kake ci. Akwai ko babu?"

Sai a nan ya yi murmushi. Ya shiga ciki ya fito da wani na hannu, ɗan Kwatano, ƙarami a kan nawa har na raina shi. Ya jera su biyu ya gwada mazaunin noti, ya ƙirga haƙoran bakinsu ya ga sun zo ɗaya, ya haɗa shi da batir a ƙasa ya taka shi da ƙafa. Abin ya yi tsalle ya yi ƙara, haƙoran suka fito suka koma. Sannan ya tsugunna ya kama hannun rigata.

Ya ce, "Saurara da kyau, don ba na maimaita magana. Tsohon naka waya ce naɗe a cikinsa, ka doke shi ya jure. Wannan maganaɗisu ne a manne a cikinsa, kuma maganaɗisu fashewa yake yi kamar tukunyar ƙasa. Duka ɗaya mai kyau, ka gama da shi. Ba a dukansa. In ka murza ka ji ya yi ƙas ya yi shiru, ba shi ba ne, wuta ce ba ta isa gare shi ba. Ka sa wani ya riƙe makulli, kai ka bi waya da hannu. Inda ka ji zafi, nan ɓarnar take." Ya ƙara da cewa kada in daɗe ina murzawa, in ba shi hutu tsakani, kada in watsa masa ruwa in ina wanke inji a rafi, kuma in riƙa duba notinansa don hanyarmu girgiza gare ta. Ya jefa mini sabon kan batir guda a buhun, ya ce in sa.

Ban tsaya cin abinci ba. Rana na tsaka na iso gida na shimfiɗa buhu a ƙarƙashin mota. Na fara cire ɗaya daga wayoyin batir, don na taɓa ganin yadda sifana ke narkewa a hannun mai gaggawa. Na goge mazaunin da tsumma har ƙarfe ya fito fes. Wurin matsattse ne, hannu ɗaya ke shiga, kuma dole ka tallabe kik ɗin da tafin hannu kana laluben rami da yatsa, ƙasa na zubo maka a ido. Notin sama ya ba ni wahala har na yi ta zage-zage ni kaɗai, matata na jiyo ni daga cikin gida tana cewa in ji tsoron Allah. Na ɗaura su da hannu tukuna, na tabbatar ya zauna daidai bai karkace ba, sannan na bi su da sifana ina ɗaurewa kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan. Na mayar da babbar waya, na soka ƙaramar, na fito na mayar da ta batir.

Na zauna a kujera na yi bisimilla na murza. Kafin in saki makullin ta tashi. Jama'a, na daɗe ban ji daɗi irin na wannan lokacin ba. Na kashe na sake murzawa, ta tashi. Na kashe na sake. Matata ta leƙo ta ce, "Malam, mai ne ya yi maka yawa?" Na ce ta bar ni, yau ranata ce. Sabon kan batir ɗin nan kuwa na zaro shi daga buhu na jefa a aljihu, na ce tunda ta tashi ai sai wani lokaci.

Da yamma na gangara fadama. An tsinke, an cika kwanduna, an rufe bakinsu da ganye. Muka loda har sama, na ɗaure da igiya, na dawo gida kafin magariba na tsaya a rairayin ƙofata na kashe. Da gangan na bi ta gaban masallaci don a gani.

Gari ya waye, rana ta ɗan ɗago, ƙanwata ta zo da mayafinta, don ta ce da ita za a je, tumatirinta ne. Mutane kuma sun taru, wai wucewa suke yi. Ban taɓa sanin hanyar gonar kowa ta biyo ta ƙofar gidana ba sai ranar. Na shiga na zauna, na gyara hula, na murza.

Ƙas.

Na saki, na jira, na sake murzawa. Ƙas, sai shiru.

Wani ya yi tari, wani ya kasa riƙe dariya. Na ji wani daga baya yana cewa, "Motar gayya ai sai gayya." Ga mota maƙare da kaya, tayoyi sun nutse a rairayi, ga rana na hawa, kuma tumatir in ya sha rana a kwando ruwa yake zama. Kafin in sauko sai ga babban ɗan Baffa, ya matso jikin taga ya yi ƙasa da murya, amma yadda kowa zai ji.

Ya ce, "Baba ya ce a gaya maka mutane na nan, hannuwansu ba su karye ba. Kalma ɗaya ce, ka san ta."

Na ce, "Ka gaya wa Baffa ina gaishe shi."

Ina cikin wannan sai na ji ƙarar ƙarfe a bayan kujera. Kawu ne, wan mahaifiyarmu, tsohon direban babbar mota. Shi kaɗai ne a taron nan da ya zo don mu, kuma tausayinmu ne ya motsa shi. Ya zaro ƙarfen kwance taya, ya tattare babbar riga, ya durƙusa a gefen taya yana leƙen inda kik yake. Yana cewa, "Bari ka gani, ɗan nan, sau ɗaya zan taɓa shi. Mun yi wannan tun ba a haife ka ba." Mutane kuma na zuga shi, "Ƙwarai, Baba, ɗan ƙwanƙwasa masa, kwana ya yi."

Ban san lokacin da na diro ba. Ya riga ya ɗaga hannu na cafke ƙarfen ta baya. Ya ja, na ja. Dattijo ne mai furfura, wanda ya yi mini huɗuba a kunne ranar da aka haife ni, ga ni ina ƙwace abu a hannunsa a gaban jama'a.

Ya ce, "Kai! Ni kake fizge wa abu?"

Na ce, "Kawu, ka doke ni da shi, wallahi ba zan ɗaga kai ba. Amma wannan ba a dukansa."

Ya ce, "Wane irin kik ne ba a dukansa?"

Na ce, "Irin wanda na sayo."

Ya saki, ya miƙe yana karkaɗe riga, ransa a ɓace. Aka fara gunaguni, wai ga abin da taurin kai ke jawowa, shekaranjiya Baffansa yau Kawunsa. Na jefa ƙarfen can cikin zaure. Na san na yi abin da ba a yi, kuma ko yau aka maimaita haka zan sake yi, don da ƙarfen nan ya sauka da fadamar ta tafi.

Na buɗe bonet. Maganar mai wayarin ta dawo mini, a sa wani ya riƙe makulli. Na duba fuskokin da ke wurin ban ga wanda zan roƙa ba, kuma na riga na rantse ba na roƙo. Sai na ce da ƙanwata, "Shiga ki zauna a mazaunina. Ga makulli, in na ce murza ki murza ki riƙe, in na ce saki ki saki." Ba ta taɓa zama a bayan sitiyari ba. Ta tattara mayafinta ta hau, ba ta dubi kowa ba.

Na ce, "Murza." Ƙas. Na bi babbar waya da hannu tun daga ƙasa, sanyi ƙalau. Na hau har kan batir, ina taɓawa na janye hannu, ya ƙone ni kamar na taɓa murfin tukunya. Na ce, "Saki!"

Da na duba da kyau sai na ga abin. Ƙusa ce, a ɗaya kan batir ɗin da ban kwance ba jiya. Shekarun baya kan batir ɗin ya saki, aka soka ƙusa a tsakani aka buga da dutse don ya kama, yadda ake yi a kowace tasha. Duk zamanin turi ba abin da ake nema a wajensa sai wutar fitila da ta hon, ƙusa kuwa ta isa wannan. Yanzu da aka zo jan wuta mai nauyi, ga kuma murze-murzen da na sha yi jiya, sai wurin ya ƙone, ya yi baƙi, ga wani farin gari ya taru a kai. Kik ɗin lafiyarsa ƙalau, yunwa ce ke damunsa, kuma saura ƙiris a fasa shi a banza.

Na ƙwala wa matata kira ta kawo ruwan zafi a buta. Na zare ƙusar na ɗaga ta sama don masu cewa a ƙwanƙwasa su gani, sannan na wurgar. Na zuba ruwan ya wanke garin, na kankare da wuƙa har dalma ta yi haske, na yanke ƙonannen bakin wayar na fere sabo. Na laluba aljihu, kan batir ɗin nan yana nan tun jiya. Na ɗaura shi na matse har sai da na kasa juya shi da hannu, na shafe shi da giris. Kawu bai tafi ba. Yana tsaye a bayana yana kallo, har ya miƙo mini ƙaramar sifana.

Na ce da ƙanwata, "Murza."

Ta tashi. A hannunta ta tashi, da ƙarfi, har kwandunan baya suka girgiza. Ta saki makullin da sauri ta dafe ƙirji, sannan ta yi dariya, irin dariyar da ban ji daga bakinta ba tun rasuwar mijinta. Ta matsa gefe na shiga. Ba wanda ya yi yunƙurin hawa, don ba wanda ya tura, dokarsu ce ta kama su.

Hanyar fita gari dole ta bi ta ɗan kwarin nan mai yashi, a gindin gangarar Baffa. Niyyata in taka totur in wuce ko waiwaye babu. Daga nesa na hango shi a kan buzunsa, majalisa ta fara cika da waɗanda suka riga mu da gudu. Muna shiga kwarin ƙanwata ta ce, "Yaya, tsaya."

Na taka birki. Na ce, "Lafiya?"

Ta ce, "Kashe ta."

Na ce, "Ke, kin san inda muke? Nan in ta ƙi tashi ko garin nan kaf ya taru ba ya fitar da ita."

Ta ce, "Na sani. Kashe ta."

Na dube ta, na dubi tudun. Tun da kik ɗin farko ya mutu ban taɓa kashe motar nan a gindin gangara ba, ko a mafarki. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba, don sau ɗaya tak ta tashi tun da na gyara wayar. Na murza makulli baya, inji ya mutu, har kukan kaji na gidan Baffa muna ji.

Ashe akwai ƙaramin kwando da ta ajiye a ƙarƙashin ƙafarta, zaɓaɓɓen tumatir, manya jajaye. A wajenmu in gona ta yi nunan fari, mai gonar ne ke ɗibar na farko ya kai wa babban gida don a sa albarka. Ɗan ƙodago ba ya kaiwa, wanda aka ba aro ba ya kaiwa, sai mai ita. Kuma in babba ya karɓa, ya yarda ke nan da hannun da ya miƙo. Ta ɗora kwandon a ka, muka hau tudun a ƙafa, ni a gaba ita a baya.

Muka durƙusa. Na ce, "Baffa, ina kwana." Ya amsa, don gaisuwa ba a ƙin ta. Na tambayi iyali, na tambayi ƙarfin jiki, na tambayi gajiya, ban rage ko ɗaya ba, shi ma bai rage ba. Sannan ƙanwata ta gaishe shi, ta sauke kwandon ta tura shi gabansa da hannu biyu.

Ta ce, "Baffa, ga nunan farin fadamata. A sa mana albarka."

Bai dubi kwandon ba. Motar yake kallo, can ƙasa cikin yashi, shiru, da kaya har sama. Ya ce da ni, "Kashe ta ka yi?"

Na ce, "Na kashe ta, Baffa. Ba a gaida babba inji na ƙara."

Ya ce, "To wa zai tura maka?"

Na ce, "Allah ya ja da ranka, a yi mana addu'a dai."

Muka tashi muka gangara, kwandon na nan inda ta ajiye shi, ba wanda ya taɓa. Ban yarda na yi sauri ba. Na shiga, ta shiga, na rufe ƙofa. Na kama makullin. Ta ce a hankali, "Bisimilla, Yaya."

Na murza, ta tashi.

Ban ja nan take ba. Na gyara madubi na dubi tudun. Baffa na zaune, majalisa kowa ya zuba masa ido. Can sai na ga ya ɗaga hannu ya yafito babban ɗansa, ya nuna kwandon, ya nuna ƙofar gida. Ɗan ya sunkuya ya ɗauka ya shiga da shi ciki.

Ƙanwata ba ta ga wannan ba, don gaba take kallo, ta ƙi waiwayawa. Ta ce, "Ya karɓa?"

Na ce, "An shiga da shi."

Ta ja mayafi ta rufe fuskarta, kafaɗunta na rawa. Na sa giya ta ɗaya muka fita daga yashin, muka kama hanyar Makarfi tun rana ba ta taɓa tumatirin ba.